Ninkin Inna Tabawa

Alhamis, 17 ga Disamba, 2020

Sun buɗe boda jiya. Tun safe 'yan Laranto ke taya juna murna kamar an yi musu haihuwa. Ni ma ina ciki, kuma da dalilina. Wata goma sha shida ina sayen zaren ulu kamar mai sayen ƙwaya, a bayan shago, murya ƙasa-ƙasa. Allurar inji in ta karye sai dai mu ciro ta wani injin. Injin saƙa tara mahaifiyata, Inna Tabawa, ta bar mini, Allah Ya jiƙanta. Yau biyar ke motsi, huɗun sun zama wurin ajiye kular abinci.

Na shiga shago na ce wa matan da ke mini saƙa wahala ta ƙare. Su bakwai ne, shida suka yi guɗa. Mama Ana ko kai ba ta ɗaga ba. Shekara ashirin da shida tana tahowa daga Anguwan Rukuba tana zama kan kujerar nan, tun ina zuwa da wandon makaranta in sace mata ƙosai. Cewa ta yi, "Zubairu, ƙofar nan da aka buɗe, zare kaɗai ne ya san hanya?"

Tsufa ne kawai.

Talata, 12 ga Janairu, 2021

Zare ya iso, allurai sun iso. Inji takwas na kuka lokaci ɗaya, har mai shayin ƙofa ya ce mun hana shi jin rediyo. Sabon zaren ba ya tsinkewa, macen da ke fitar da suwaita uku a rana yanzu biyar take fitarwa. Wanda duk ya zagi buɗe boda a gabana yau, da shi za mu yi.

Na samo sabbin lebul masu cewa a Italiya aka yi. Na kasuwa nake maƙala wa su, don mutumin Jos ba zai yarda abin kirki ya fito daga bayan tashar Laranto ba. Na makarantu kuwa sunanmu suke ɗauka, don iyaye ba riga suke saya ba, ninki suke saya.

Ninkin nan! Inna ce ta ƙago shi, ya zame mini ƙaya. Kowace suwaitar makaranta sai an ƙara mata saƙa faɗin yatsu uku a bakin hannu da ƙasan riga, a ninke ciki, a kama da jan zare. Yaro ya yi tsawo, uwa ta sa reza ta yanke jan zaren, riga ta sauko. Suwaita ɗaya, shekara uku. Ka sayar wa mutum abin da zai hana shi dawowa wurinka, wannan wace irin kasuwa ce? Na faɗa wa Inna haka tana da rai, ta ce in je in wanke bakina.

Asabar, 20 ga Fabrairu

Ifeoma ta kira ni shagonta na kasuwar Taminus. A da gwanjo take sayarwa a Katako, yanzu an daina maganar dila, maganar kwantena ake yi. Ta jefo mini suwaita shuɗiya cikin leda.

"Oga Zubair, kai ne malamin suwaita. Nemo min laifinsa."

Na juya ta ciki waje. Na ja wuyan, na ja hammata, na ɗaga ta a rana, har shanshana ta na yi. Daga Sin take, ta Kwatano ta shigo. Na so in sami laifi, Allah Ya sani na so. Ɗinkin ya fi namu miƙewa.

Na ce ba ta da nauyi.

Ta ce, "Kuɗinsa ma ba nauyi." Ta faɗi farashi. Na yi dariya, na ce ta daina wasa. Ba ta yi dariya ba.

Rigar da aka gama, aka ninke, aka sa a leda, ta hau jirgin ruwa, ta hau tirela, ta ciyar da duk wanda ke tsaye a hanya daga Kwatano zuwa Filato, ba ta kai kuɗin zaren da nake saƙa tawa da shi ba. Zaren kawai.

Litinin, 22 ga Fabrairu

Ban faɗa wa matan ba.

Laraba, 17 ga Maris

An gayyace mu taron masu ƙananan masana'antu a wani otal. Na je don shinkafar. Wani saurayi mai kwat ya haska mana zane a bango, layi na hawa sama. Ya ce idan aka buɗe kasuwa, kamfanin da ya iya aiki zai ƙara iyawa, wanda bai iya ba zai koma wata sana'ar, mai saye ya sami araha, a ƙarshe ƙasa gaba ɗaya ta ci riba.

Na ɗaga hannu na ce, "Yallaɓai, ita ƙasa gaba ɗayan nan a wace unguwa take zaune? Ina so in kai mata mata bakwai ta ɗauke su aiki."

Aka yi dariya har da tafi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma da na fito sai na tuna bai ce komai na ƙarya ba. Bai dai faɗi a wane layin nake ba.

Ƙananan makarantu huɗu sun janye a watan nan. Saura ta Oga Chuwang a Gada Biyu, yara ɗari shida. Tun zamanin Inna muke musu. In dai odarsa na nan, inji zai yi kuka. In ta tafi, sai in rufe.

Alhamis, 8 ga Afrilu

Na je ganin abin da ake ta faɗa a wurin Abdulfatah. Tare muka fara da shi, injinansa irin nawa ne. Ya sayar da filin babansa ya sayo inji mai kwamfuta daga ƙasar da kayan Ifeoma ke fitowa. Tsawonsa kamar ƙaramar bas. Ana danna masa lamba, shi kuma yana amayo hannun riga ba tsayawa. Mutum biyu ke tsaye a kansa, ɗayan ma waya yake latsawa.

Mata goma sha ɗaya yake da su a da. Na tambaye shi ina suke, ya ce, "Suna gida, Zubair. Ka sha lemo."

Yanzu har Maraɗi da Damagaram yake kai kaya. Bodar da ta shigo mana da bala'i ita ta fitar masa da mota. Na tambaya ko injin na iya ninki. Ya ce injin ba ya yin abin da zai hana kwastoma dawowa, ya fi ni hankali.

Ni gidanmu na gado ne, mu tara. Ko ƙofar bayi na ce zan sayar sai an kai ni kotu.

Juma'a, 30 ga Afrilu

Na sallami uku. Cikin azumi. Murjanatu, ɗaya daga cikinsu, ta tambaya ko za ta iya tafiya da almakashinta. Nata ne ma tun asali.

Asabar, 5 ga Yuni

Na zauna da Mama Ana bayan kowa ya tashi. Na kawo mata hujja kamar lauya: ninki na cin zare, yana cin kusan awa guda a kowace riga, don da hannu ake kama shi. A cire shi mu ƙara gudu.

Ta cire tabarau ta goge da bakin zani. Da irin Hausarta ta ce, "Mamanka bai taɓa fitar da rigan makaranta ba ninki ba. Ko lokacin rikici da muka kwana uku a cikin shagon nan, ni da shi, ninki muke yi."

Na ce Mama, duniya ta canja.

"Yara sun daina girma?"

Na ce ba haka nake nufi ba.

"To ka bari sai sun daina."

Ni da ke sayar wa Bayarabe hular sanyi a watan Maris, yau tsohuwa mai tabarau ɗaure da zare ta kayar da ni.

Litinin, 12 ga Yuli

Ruwa tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. Hammajoda mai gadin layinmu ya wuce da 'ya'yansa huɗu zai raka su makaranta. Dukansu cikin sabuwar suwaita, ta Ifeoma. Shekara shida yana gadin ƙofata bai taɓa iya sayen tawa ko ɗaya ba. Bara ƙaramar da tsohon tawul ake naɗe ta, tari bai bar ta ba har damina ta wuce.

Ya ce, "Oga, ka gani? Huɗu! Rana ɗaya!" Yana murna, bai ma san da wa yake magana ba.

Na ce Allah Ya sa a kashe lafiya. Kuma da gaske na faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ashe a layinmu ƙasa gaba ɗayan take zaune.

Laraba, 28 ga Yuli

Oga Chuwang ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ke sa ka zauna kafin ya yanka ka. Ya ce iyaye sun ga farashin Taminus, sun tayar masa da hankali a taro. Amma kuma sun ce ba su yarda a raba su da suwaitar Mama Ana ba. Haka suke kiranta. Ba ta Zubair ba, ba ta Tabawa ba ma.

"Malam Zubair, ninki suke so, a farashin da bai yi nisa da na Taminus ba. Za ka iya?"

Wanda ya san lissafi zai ce a'a. Ni kuwa bakina ya riga kaina, kamar kullum. Na ce ranka ya daɗe, an gama.

A cikin keke na dawo ina tunani, kafin mu kai Laranto dabara ta zo. Ban ji daɗin zuwanta ba, amma ban kore ta ba.

Lahadi, 8 ga Agusta

An yi.

Ɗari shida shuɗɗa daga wurin Ifeoma, ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ɗaga gira. Na zaɓi Lahadi don Mama Ana na coci. Ni da sauran mata uku muka yanke lebul ɗin Sin, muka ɗinka bajon makaranta da sunanmu. Sannan jan zare: layi ɗaya a bakin kowane hannu, layi ɗaya a ƙasa, ta ciki, daidai inda ake sa shi. Ba abin da ya kama. Zare ne kawai yana zaune.

Lissafina: ba mai yanke jan zare sai bayan shekara. Kafin nan na sami abin da zan haɗa kai da Abdulfatah ko in sayi ƙaramin inji, in ce wa iyaye kuskuren sababbin ma'aikata ne, in canja wa masu surutu. Shekara guda kawai nake ara.

Shekara goma ina sa wa kayan Laranto sunan Italiya ban taɓa jin komai ba. Yau na sa wa kayan waje sunan Laranto, abincin rana ya ƙi shiga. Wai me ya bambanta su?

Mun yi ɗari da arba'in. Saura sai a hankali.

Litinin, 9 ga Agusta

Mama Ana ko minti goma ba ta yi da zama ba. Na ɓoye rigunan a ɗakin baya ƙarƙashin buhu, amma gutsuren jan zare ya cika ƙasa. Ta bi shi kamar mai bin sawun akuya.

Ta fito da ɗaya a hannu. Ta sa ɗan yatsa cikin bakin hannun, ta laluba, ta sake lalubawa.

"Zubairu. Mene ne a bayan zaren nan?"

Na fara bayani. Na yi maganar boda, na yi maganar Abdulfatah, har saurayi mai kwat na kawo.

"Ban tambaye ka boda ba. Mene ne a bayansa?"

Na ce babu.

Ta ajiye rigar a hankali kamar mai ajiye jariri. Ta ɗauki matashin kujerarta da kwanonta. A ƙofa ta ce, "Da ka cire zaren, ka ce musu ba ninki, da na zauna na ɗinka maka bajo har ɗari shida."

Ban bi ta ba. Na ce za ta huce.

Talata, 17 ga Agusta

Gari ya rikice, an sa dokar hana fita. Na kira Mama Ana in ji ko lafiya. Ta ce, "Lafiya. Ku fa?" Na ce lafiya. Ta kashe.

Litinin, 20 ga Satumba

Na kai kaya Gada Biyu. Oga Chuwang ya juya hannun riga ɗaya, ya ga jan zare, ya kama hannuna da hannu biyu.

Litinin, 4 ga Oktoba

Sati biyu. Shekarar da na ara sati biyu ta yi.

Abin da na manta, ni mai wayo: duk uwa a garin nan in za ta sayi rigar makaranta, babba take saya, yaro ya yi ta iyo a ciki har ya cike ta. Ban da iyayen makarantar Chuwang. Su shekara da shekaru sun saba da ninki, daidai jiki suke zaɓa. Rigar Sin kuma hannunta ya fi namu gajarta. Yaro ya sa, wuyan hannu a waje. Uwa ta ce ba komai, ai akwai ninki. Ta ɗauko reza.

Kuma ba wurina suka zo ba. Wa ya san ni? Jiya bayan an tashi daga coci suka tare Mama Ana a bakin ƙofa, mata sun fi ashirin, kowace da riga a hannu, a gaban fasto, a gaban jikokinta. Wata ta ce mata tsohuwar banza mai cin kuɗin marayu.

Yau da safe ta zo. Ba ta shigo ba. Ta miƙo mini baƙar leda ta taga. Jan zare ne a ciki, guntu-guntu, wanda suka zubar mata a ƙafa. Ta tsince su duka.

Na ce Mama, me kika ce musu?

"Na ce idona ya mutu, ban duba aiki ba."

Na ce don me ba ki faɗi sunana ba?

"Sunanka? Sunan Tabawa ne a wuyan rigan."

Ta juya. Na ga ta tsufa a wata biyun nan, ko kuwa da ban taɓa kallon bayanta ba ne.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Oga Chuwang bai ce in zauna ba. Ya ɗora tawa da ta Taminus a kan tebur, gefe da gefe, ya ce in nuna masa bambanci ban da jan zare. Bai ɗaga murya ba.

"In dai kayan Ifeoma zan saya, Malam Zubair, na san hanyar Taminus."

Na buɗe baki, don wallahi akwai magana uku a shirye. Sai na ce masa Mama Ana ba ta da hannu a ciki, ta bar aiki tun Agusta saboda wannan. Ya ce ai ya sani, ba shi ya kamata in faɗa wa ba.

Shi ke nan odar.

Asabar, 13 ga Nuwamba

Masu gwangwan sun zo da sikeli. Inji takwas, a kilo. Wanda ya ɗora su yana cewa ƙarfen da ne, mai kyau, za a narka a yi rodi. Na sallami ukun da suka rage.

Inji na tara, wanda Inna ke zama a kai, ban bari an auna ba. Na sa a keke an kai gidan Mama Ana a Anguwan Rukuba da ragowar zare buhu biyu. Na ce wa mai keken ya ajiye a ƙofa kada ya ce komai. Ba kyauta ba ce, wuri yake cin mini.

Ba ta dawo da shi ba. Ba ta kuma kira ba.

Talata, 7 ga Disamba

Shagon ya zama sito. Ifeoma ke ba ni kaya, ina kaiwa Bauchi da Gombe, ina kuma baza tebur a ƙofa. Ba kukan inji, ba rigimar allura, ba mai ce mini ɗanta ba lafiya. Abin kunyar shi ne a wata guda na sami abin da saƙa ba ta ba ni a wata uku ba. Kausar ta ce tun da muka yi aure ba ta ga na kawo kaza sau biyu a sati ɗaya ba sai yanzu. Na koma wata sana'ar, kamar yadda mai kwat ya ce. Layi ya hau sama.

Na ga Murjanatu a Taminus tana talla a kan tire, safa da hular sanyi. Ta ga na gan ta. Dukanmu muka duba wani wajen.

An ce Mama Ana ta kafa injin a barandarta. Iyaye na kai mata suwaitar Sin da ta gaje, tana saƙa musu ƙarin hannu. Waɗanda suka zage ta ne ma suka fi yawa a layi. Na makarantar Chuwang ba ta karɓar ko sisi. Ɗari shida ne, Mama. Da wane idon?

Mai shayi ya ce yanzu yana jin rediyo sarai. Na ce ya rage murya.

Alhamis, 16 ga Disamba

Sanyi ya sauko sosai, kasuwa ta yi kyau, tun kafin azahar na kusa karyar da dila guda.

Wata mata ta zo da 'yarta, daga gani daga ƙauye suke, wajen Bassa. Ta zaɓi shuɗiya, ta gwada, ta yi daidai. Har ta kwance bakin zani. Sai ta dubi allon da ke saman ƙofa, wanda ban samu na sauke ba, ta ce, "Nan ne shagon Tabawa ko? Akwai ninki a ciki?"

Ba ta ma juya hannun ba. Da na ce e, da ta biya ta tafi, ba za ta ƙara ganina ba.

Na ce babu, Hajiya. Wannan ta bana ce kawai. Na kwatanta mata gidan Mama Ana, bayan coci, baranda mai shuɗin ƙarfe, za ta ji kukan inji. Ta ɗaure bakin zaninta suka tafi.

Ciwon kai ne ya sa, tun jiya yake damuna. Gobe Juma'a ba na fita Bauchi. Akwai kwalin allurai da ya rage a ƙasan kanta, ba su da amfani a nan, masu gwangwan ma ba za su auna ba. Kuma ranar Lahadi, in an tashi daga cocin Mama Ana, an ce matan kan ɗan tsaya a bakin ƙofa.

Ban ce zan je ba. Na dai tambayi ƙarfe nawa suke tashi.